Rawar Ɗari

Yau kwana shida ke nan da faruwar abin, amma har yanzu bakin mai wannan rubutu ya ƙi furta "ni ne". Don haka a yi masa afuwa, a bar shi ya laɓe. A kira shi gogan naku: malamin lissafi a wata kwaleji ta garin Tasawa, wanda ɗalibai da iyayensu ke kira Mushe, mai mata ɗaya, sabon ɗa ɗaya, tsohuwar mota ɗaya, da marigayiya babbar riga ɗaya.

Motar a takarda Hilux ce ƙirar shekarun 1990. A zahiri kuwa taron dangi ce. Injinta na asali, 2L mai lita 2.4, ya daɗe da barin duniya. Mai ita na farko ya ɗora mata 3L mai lita 2.8 da aka samo a Ƙofar Ruwa ta Kano, haɗe da buwat, wato akwatin giya, na wata motar daban. Akwatin ya zo ya fi na da tsawo, sai mai walda ya yanke kardan, wato bututun da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, ya rage, ya liƙe. Aka ƙara mata lam uku-uku a baya, abin da wasu ke kira sifirin, don ta ɗauki buhunan hatsi da wake ba tare da ta durƙusa ba. Aka sa mata tayoyin Land Cruiser, 7.50-16, saboda rairayin Mayahi ba ya raga wa ƙaramar taya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Tasawa ko ta Mayahi ranar kasuwa ya ga irinta goma. Mutanen Japan da suka fito da Hilux a 1968, in suka leƙa ƙarƙashinta, sai sun nemi wurin zama.

Cikin gari lafiya lau take. Cikin rairayi sarauniya ce. Amma da zarar ta hau gudron RN1, babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Tasawa ta nufi Damagaram, allurar maleji ta haura 80, sai wani ƙugi ya taso daga ƙarƙashin kujera. A 90 madubi ya daina nuna komai sai hazo. A 100, ɗari cif, haƙora su kama kaɗawa, sandar giya ta shiga rawa kamar an buga mata kalangu.

Uwargida ta tafi gida haihuwar fari, a wani ƙauye na gundumar Mayahi da ke bakin Gulbin Kaba. Ana gobe suna, gogan ya loda rago da goro da dabino da abokan aiki huɗu, aka bi ta Gazawa da Agiye, aka karkata arewa a Cadawa. Don a riski magariba a can, ya taka. Daraktan makaranta, ɗaya daga cikin abokan aikin, ya buɗe baki zai ce a rage, muryarsa ta fito kamar ta mai magana a bakin fanka. Kindirmon da aka ɗauko a jarka kuwa, ko da aka isa ya riga ya fid da mai.

Kafin gari ya waye labari ya kai kunnen suruki. Aka raɗa suna, aka shafa fatiha, aka raba goro, aka yanka rago. Jama'a na zaune a kan tabarmi, sai dattijon ya dubi wani wuri can gefe, yadda surukai ke yi, ya tambayi iska:

"To, a cikin motar nan ce za a mai da ɗiyar nan da jinjiri in sun yi arba'in?"

Abin da ya kamaci suruki na gari shi ne ya sunkuyar da kai ya ce za a duba. Gogan naku ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ai aikin minti goma ne."

A yi masa adalci, ba da ka ya faɗa ba. Wata uku ya yi yana bin ciwon nan kamar mai bin sawun ɓarawon akuya, kuma hanyar da ya bi ita ce ta kowane ƙwararren makanike. Ya tsai da motar, ya taka totur a firi har injin ya yi kuka: ba rawa, ke nan ba injin ba ne. Ya kai ta 100 a hanyar Maijirgi, ya fid da giya ya bar ta tana tafiya da kanta: rawar na nan, ke nan gudun mota take bi, ba gudun injin ba. Sitiyari ba ya fizgar hannu, ke nan ba tayoyin gaba ba ne. Duk da haka ya kai tayoyin Maraɗi, aka ɗora su a na'ura, aka maƙala musu ƴan darma, ya dawo ya mai da na gaba baya, na baya gaba. Rawa ta ce tana nan daram.

Sauran aikin na lissafi ne, kuma nan ne gidansa. Tayar 7.50-16 tana cin ƙasa kamar mita biyu da rabi a kowane juyi. A gudun kilomita 100 cikin awa mota na shafe kusan mita 28 a sakan, wato taya na juyawa sau 11. Rawar taya jijjiga ce, kamar ana girgiza kafaɗar mai barci. Kardan kuwa, dogon bututun ƙarfen nan da makanikan Kano ke kira farfela, wanda ke kai ƙarfin injin daga akwatin giya zuwa pon, ƙullutun da ke tsakanin tayoyin baya, sai ya juya kusan sau huɗu da rabi kafin taya ta juya sau ɗaya. Sau 50 ke nan a sakan, sau 3,000 a minti. Tasa rawar ba jijjiga ba ce, ƙugi ne mai sa tafin ƙafa ƙaiƙayi, irin wanda ke cin madubi. A wannan gudun ƙaramin abu ba ƙarami ba ne, domin in gudu ya ninka biyu, fizgar nauyin da ya karkata gefe guda ninkawa take huɗu. Ɗigon walda mai giram 30, nauyin goro biyu, in ya zauna santimita 4 daga tsakiyar bututun, fizgar kusan kilo 12 yake zama, tana zagaye sau 50 a sakan.

Don haka gogan ya san kardan ne. Gaskiyarsa kuwa. Ilimin nan duk sahihi ne, kuma shi ya kai shi ya baro.

Yana zagaya motar yana ƙwanƙwasa nan da can, sai ya ji murya daga gindin wani gawo. Wani tsoho ne zaune yana tufkar igiyar kaba a cinya, ƙanen kakan uwargida, wato mutumin da al'ada ta ba lasisin tsokana, wanda tun ranar ɗaurin aure yake cewa gogan ya ƙwace masa mata.

"Mushe, mi ya samu tsohuwar taka?"

"Kaka, rawa take yi. In ta kai ɗari sai ta kama rawa."

"Rawar ɗari?"

"A'a, ba wannan ɗarin ba. Ɗari na ƙidaya. Tamanin, casa'in, ɗari."

A baki, tsakanin ɗarin ƙidaya da ɗarin hunturu akwai jan wasali da karin murya. A kunnen tsohon nan babu, ko kuma ya ga dama ya ce babu. Ya ɗaga kai ya dubi hazon da ya rufe goribar gulbi, ya gyara bargonsa.

"Watan ga kowa rawar ɗari shika yi. Ni ma da ita na kwana. Ga ta tsohuwa, ga ta tsirara, ka fiddo ta cikin iska kana gudu da ita. Ka samo bargo ka lulluɓa mata, ka hura mata kara kusa. In hantsi ya yi ka ba ni labari."

Malami ba ya ganin jahilci ya wuce. Gogan ya tsuguna ya shiga bayani. Ya ce ƙarfen nan sunansa kardan, kuma sunan ya samo asali ne daga Gerolamo Cardano, wani likita masanin lissafi ɗan Italiya da aka haifa a 1501 ya rasu a 1576. Ya ce ƙarfe ba ya jin sanyi irin na mutum. Ya zana da'ira a ƙasa, ya ja mata kibiya.

Tsoho bai daina tufka ba. "Shi wannan Kardanon, ana hunturu garinsu?"

"Ana yi, Kaka. Har ƙanƙara ke zuba."

"To, ka gani."

Dabarar da gogan ya zo da ita tsohuwa ce, kuma tana cikin littattafan gyaran mota. A ɗaga tayoyin baya su bar ƙasa, a tada injin, a sa giya, kardan ya riƙa juyawa mota na tsaye. A matso da alli a hankali har ya ɗan shafi bututun. Inda allin ya taɓa, nan ne ɓangaren da ke fizga waje. Sai a ɗaura koliye, zoben ƙarfen nan mai kusa da ake matse tiyo da shi, a sa kan kusar a ɗaya gefen, nauyi ya biya nauyi. Alli kuwa, aljihun malamin lissafi ba ya rabo da shi.

Jak ɗaya ne a motar, kuma ƙasar Mayahi ba ta san dutse ba. Aka aika cikin gida aka aro turmi biyu, aka tokare bayan motar da su. Kuskure na farko ke nan da ba na injiniya ba: mata suna tsakiyar dakan hatsin suna, don haka duk suka biyo turamensu waje, taɓare a hannu, suka yi layi a jikin danga suna jira. Har da surukuwa.

Aka ɗora ƙanen uwargida a kujerar direba, saurayi ɗan kabu-kabu da bai taɓa tuƙa abu mai ƙafa huɗu ba. Aka nuna masa kuloci da birki da totur. Aka ce giya ta ɗaya kawai, kada ya taɓa komai, in ya ji "tsaya" ya murɗa makulli.

Saura riga. Shadda ce ruwan sararin samaniya, aikin zare tun daga wuya har ciki, tanadin wata huɗu. Duk littafin da ya kawo dabarar allin nan ya yi gargaɗi a kan sutura mai yalwa, kuma gogan ya karanta. Sai dai tela ya kawo babbar riga da wando, ya ce ta cikin sai bayan suna. Abin da ke ƙarƙashin shaddar nan singileti ce da ta ga shekaru, mai taga a haƙarƙari. A gaban suruki? A gaban liman? Gogan ya naɗe hannayen rigar a kafaɗa, ya tattara gindinta ya cusa a zariyar wando, ya shimfiɗa tabarma, ya shige ƙarƙashin mota da bismilla. Kunya ce ta hana shi tuɓe riga. A riƙe wannan.

Injin ya tashi. Kardan ya fara juyawa a hankali, kamar sau uku a sakan. Gogan ya miƙa hannu da alli.

Sakan na farko, wani abu ya taɓa shi a kafaɗa. A hankali, cikin ladabi, kamar yaro mai son a ba shi dabino. Har ga Allah ya ɗauka wani ne ke kiransa. Shaidu sun tabbatar an ji shi daga ƙarƙashin motar yana cewa, "Ina zuwa."

Sakan na biyu, ya gane mai kiran. Naɗin kafaɗar dama ya warware, bakin shaddar ya sauka a kan kusoshin da ke ɗaure kardan da pon, su kuwa suka karɓa hannu bibbiyu. Kewayen bututun bai kai santimita 25 ba, sau uku a sakan, wato kamar santimita 70 na shadda kowane sakan, kuma naɗin na ƙara kauri yana ƙara ci. Malamin lissafin da ke cikinsa ya yi wannan lissafi nan take, ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Ya kuma raba kuɗin rigar da tsawonta, ya ga abin da ke tafiya a kowane juyi.

Sakan na uku, duhu. Rigar ta taso ta rufe masa fuska, aikin zaren da ya biya da tsada ya bi ta kan hancinsa kamar magagari, hula ta yi nata wuri. Ya ƙwala ihu, "Tsaya!" Kalmar ta ratsa shadda ninki huɗu da ƙarar injin gazuwal kafin ta kai kujerar direba. Yaron ya rantse da abin da zai kashe shi cewa "taka" ya ji. Ya kuwa taka.

A nan dariya za ta ɗan dakata. Ƙarfe mai juyawa ba ya sakin abin da ya kama, kuma duk garin da ke da injin niƙa an san abin da bel ke yi wa mayafi da mai mayafin. Abin da ya ceci gogan ɗinkin babbar riga ne: wuyanta faɗi gare shi, gefunanta a buɗe suke, sai ta zare ta kansa kamar ana feɗe akuya. Da kaftani ne a jikinsa, da wani ne zai yi wannan rubutu, kuma ba na dariya ba.

Sakan na huɗu shi ne wanda ke hana shi barci. Riga ta tafi duka, saura gindinta, wanda ya cusa a zariya da hannunsa. Gindin ya tafi, ya ja bakin zariyar. Ƙulli ya kwance. Gogan yana kwance ya ji igiyar tana zagaya ƙugunsa tana fita, santimita bayan santimita, sumul, kamar maciji mai barin rami. Yaro ya firgita ya danne birki, injin ya shaƙe ya mutu. Turame suka yi ɗan gunaguni suka tsaya.

Shiru.

Da ya yi zamansa a ƙarƙashin motar har dare, da an ce masa mai hankali. Amma ya jiyo salatin mata, ya ce bari ya kwantar wa jama'a hankali. Ya jawo jiki da baya, ya fito, ya miƙe tsaye tsakiyar fili, ya ɗaga hannu biyu sama, ya ce, "Lafiya lau! Ba abin da ya same ni!"

Hannu biyu. Ya sha maimaita wannan a ransa. Da ɗaya ya ɗaga, da ɗayan ya yi wani aiki. Wandon babbar riga kuwa kowa ya san ƙugunsa, mutum uku za su shiga su yi hira, zariya kaɗai ke riƙe da mutuncinsa. Bai faɗi da sauri ba. Sabuwar shadda ce mai sitaci, sai ta sauka a hankali tana ƙara, kamar ana sauke tuta da yamma a farfajiyar makaranta, ta taru a idon sawu.

Abin da ya rage a tsaye: angon ƙarni, malamin lissafi, fuska da baƙin giris, guntun alli a hannu, singileti mai taga, da gajeren wando na gwanjo, rawaya, mai hoton ƴan agwagi.

Maroƙin da ke tsakiyar kirari ya tsaya da baki buɗe, kalmar ta maƙale. Liman ya ce subhanallahi, ya rufe ido, ya ɗan buɗe ɗaya. Darakta ya cusa hula a baki, kafaɗunsa na rawa fiye da yadda suka yi a hanyar Agiye. Surukuwa ta juya ta fuskanci danga, ta shiga duba karan da aka yi ta da shi ɗaya bayan ɗaya, kamar yau ta fara ganinsa. Suruki kuwa ya ɗaga kai ya kafa wa ƙolin gawo ido, da natsuwar mai neman jinjirin watan Sallah. A cikin wannan shirun wani jaki ya ga lokaci ya yi, ya saki kuka.

Sai murya ta fito daga gindin gawo, ba gaggawa, hannu bai bar tufka ba.

"Ban hwaɗa maka ba? Ɗari taka ji. Ka hana ta bargo, ta ƙwaci riga da kanta."

Abin da ya fasa taron ke nan. Mata suka zube a jikin danga, taɓare na faɗuwa. Tsoho ya jawo wuƙa, ya auna kamu huɗu daga igiyar da yake tufkawa, ya yanke, ya miƙo.

"Ungo zariya. Dala ashirin ce, amma tunda kai ne, ka biya in ka sa wando."

Allah ya rufa asiri ƙauyen ba rezo na waya, ba wanda ya tura hoto ko'ina. Sai dai matan bakin rijiya ba su taɓa buƙatar rezo ba. Kafin la'asar agwagin sun zama kaji a unguwar gabas, sun zama zabi a ta yamma. A bakin yaron direba, shi ne jarumin da ya ceci ran mijin yayarsa da birki. A wajen maroƙi kuwa gogan ya samu sabon kirari, wanda ba za a rubuta shi nan ba. Wuƙar da ta yanka ragon suna, ita aka sa aka yanyanko shaddar daga jikin kardan. Gogan ya koma Tasawa cikin rigar aro ta suruki, yana tafiya 60, ya tarar labari ya riga shi isa.

Kwana biyu bayan haka ya kai motar wajen wani tsohon makanike a bayan tasha. Mutumin ya shimfiɗa kwali, ya shiga ƙarƙashi da ƴar singileti, bai ko tada injin ba. Ya dubi wannan kai na kardan, ya dubi wancan.

"Mushe, wa ya kwance kardan ɗin nan?"

Gogan ya yi shiru. Wata uku da suka wuce, wata ranar Lahadi, shi da kansa ya zare shi daga inda yake zuƙewa, ya wanke haƙoran, ya shafa giris, ya mayar. Wata uku. Daidai lokacin da rawa ta fara. Mutumin da ya lissafa juyi 3,000 a minti bai taɓa haɗa waɗannan biyun ba.

Ga abin da ya faru. A kowane kai na kardan akwai kurwaziyo, ƙarfe mai ƙafa huɗu da ke zaune cikin kunnuwa biyu-biyu, shi ke ba bututun damar juyawa a karkace. Amma gaɓa irin wannan in ta karkata ba ta miƙa juyi daidai: sau biyu a kowane zagaye tana gaggawa, sau biyu tana nawa. Robert Hooke na Ingila ya yi nazarin wannan tun shekarun 1670. Maganinsa gaɓa ta biyu a ɗaya kan, wadda ke nawa lokacin da ta farko ke gaggawa. Lugude ke nan: mata biyu a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi. Sharaɗin shi ne kunnuwan kai biyu na bututun su kasance a layi ɗaya, shi ya sa masu ƙira kan sa alama a wurin zuƙewar, makanikai kuma kan ja tasu da fenti kafin su zare. Gogan ya mayar da shi a goce da haƙora da yawa. Taɓare suka riƙa karo, sau 100 a sakan.

Makanike ya zare, ya juya, ya daidaita kunnuwa, ya mayar. Minti goma, kamar yadda aka yi wa suruki alkawari. Sannan ya girgiza kurwaziyon baya, ya nuna jan garin tsatsa da ke fita daga kofunansa, alamar ƴan alluran ciki sun bushe sun cinye, ya sauya shi. Ya ce lam ɗin da aka ƙara sun ɗaga bayan motar sun ƙara wa kardan karkata. Ƙa'idar masu ƙira ita ce, ga mota mai gudu, karkatar kowace gaɓa kada ta wuce digiri 3 da yawa, kuma ta gaba da ta baya kada su bambanta da fiye da digiri 1. Ya sa ɗan ƙarfe mai siffar bakin gatari tsakanin lam da mazaunin pon, hancin pon ya dawo hanya.

Daga ƙarshe aka zo kan alli, saboda tsohuwar waldar nan ba ta rasa nata laifin ba. Aka ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe. Yaron gareji ya karɓi allin gogan, ya ɗaure shi a bakin sanda mai tsawon mita guda, ya tsuguna daga waje, nesa, ya miƙa. Gogan ya daɗe yana kallon sandar nan. Koliye biyu suka gama aikin.

A hanyar Maijirgi allura ta hau 80, ta wuce 90, ta zauna a kan 100. Madubi tar, har ana ƙirga buhunan da ke kan motar baya.

Jiya ya koma ƙauyen, wai kai wa mai jego saƙo, alhali so yake a gani. Ya sa kaftani matsattse da bel. Suruki ya amsa gaisuwa yana duban gefe, wannan karon da dalili biyu. Tsoho na nan gindin gawo da igiyarsa.

"Mushe, ta bar rawar?"

"Ta bari, Kaka. Ashe kunnuwan kardan ne suka saɓa, sai aka..."

Tsoho ya ɗaga masa hannu. Ya rarrafa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya daɗe. Can a bayan kusoshin pon, inda wuƙa ba ta kai ba, wani ɗan ƙyalle ruwan sararin samaniya na nan a naɗe.

"Yawwa, ga sauran rigar nan jikinta. Kar ka tuɓe mata sai bazara. Ina dala ashirin ɗina?"